Kamfanin da ke sayar wa kansa: daga gyaɗar Kano zuwa harajin yau

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman Karaye da Rogo, kamar sauran talakawan masarautar, sun rungumi noman gyaɗa, domin da kuɗi ake biyan harajin Bature. Manomi ba shi da wurin ɓuya: dagaci ya san gidansa, ya san gonarsa.

Babban mai sayen gyaɗar kuwa lamarinsa daban ne. A 1920 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye Niger Company, wanda Alhassan Ɗantata ke yi wa dillanci. A 1929 aka haɗe shi da wani kamfanin, aka haifi UAC, wanda ya zama reshen Unilever. Ke nan mai awon gyaɗa a Kano da mai matse manta a Turai 'yan gida ɗaya ne. Idan kuwa mai saye da mai sayarwa uwarsu ɗaya, ba kasuwa ke yanke farashi ba, alƙalamin akawu ne. A ce kaya sun kai fam goma, reshe ya sayar wa uwarsa a kan fam shida: fam huɗu na riba sun ƙetare teku ba tare da sun hau jirgi ba, kuma can za a yi musu haraji, in ma an yi.

Ƙungiyar ƙasashe ta League of Nations ta duba wannan matsala, inda rahoton wani lauyan Amurka, Mitchell Carroll, na 1933 ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: a ɗauki kowane reshe tamkar baƙo, a auna cinikinsa da farashin da bare zai biya. Ƙa'ida ce mai daɗin ji, amma an tsara ta ne lokacin da Najeriya ba ta da baki a teburin. Kuma wa ya san farashin bare na sunan kamfani, ko na "shawarar gudanarwa" da wani ofishi a Mauritius ke cajin reshensa na Legas? Ta irin waɗannan kafofi, da bashi mai tsadar ruwa tsakanin rassa, riba ke sulalewa daga ƙasar da ke karɓar kashi 30 cikin ɗari.

Sai a 2012 Najeriya ta samar da dokoki na musamman kan cinikin rassa, hukumar FIRS ta tsaurara su a 2018. A tsakani, kwamitin Thabo Mbeki ya ƙiyasta a 2015 cewa fiye da dala biliyan 50 na ficewa daga Afirka duk shekara ta ɓarauniyar hanya, mafi yawa ta harkokin kamfanoni. Da ƙasashe sama da 130 suka amince a 2021 da harajin da bai gaza kashi 15 ba, Najeriya da Kenya sun ƙi sa hannu, suna ganin rabon ya fi karkata ga ƙasashen da hedikwatocin kamfanonin suke.