Karkacewar Ƙashin Baya a Jikin Matasa: Yadda Jiki Ke Karɓar Motsa Jiki

Karkacewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sikoliyosis, ita ce gadon baya ya lanƙwashe zuwa gefe tare da murɗewa. Ta fi bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 18, tana samun kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na matasa, kuma ta fi tsananta ga 'yan mata. Galibi ba a san dalilinta ba. Ɗaukar jakar makaranta ba ya jawo ta.

Yadda ake gane ta

Idan yaro ya sunkuya kamar mai ruku'u, sai a ga haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu. Hoton ƙashi ne ke tabbatarwa, idan lanƙwasar ta kai digiri 10. A bambanta ta da ƙusumbin da tarin fuka na ƙashin baya ke jawowa, mai zuwa da ciwo da rama da zazzaɓi. Wannan maganin tarin fuka yake buƙata da gaggawa.

Abin da ke faruwa yayin motsa jiki

Murɗewar ƙashi tana rage buɗewar ƙirji. A zaune matashin yana numfashi lafiya lau, amma in ya yi gudu sai numfashinsa ya zama gajere da sauri-sauri, ya riga tsaransa haki da gajiya. Wani ɓangare na gajiyar daga zaman kawai yake, domin kunya ko tsoron iyaye kan janye yaro daga wasa, tsoka ta yi rauni.

Motsa jiki ba ya ƙara karkacewar. Tafiya da sauri, tuƙa keke da ƙwallo suna ƙarfafa zuciya da tsokar numfashi. Akwai kuma atisaye na musamman, irin wanda Katharina Schroth ta fara a Jamus a 1921, mai koyar da daidaita tsayuwa da numfashi. Sai dai atisaye ba ya miƙar da ƙashin da ya lanƙwashe sosai. Daga digiri 25 zuwa 40 akan sa wa mai girma rigar tallafin baya. Wani bincike na 2013 a Amurka da Kanada ya nuna kashi 72 cikin ɗari na masu rigar ba su kai matakin tiyata ba, marasa ita kuwa kashi 48. Daga digiri 45 zuwa 50 ake shawarar tiyata.

A Garwa

A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, don haka a yi atisaye da sanyin safiya ko da yamma, a sha ruwa sosai. A guji iyo a kududdufai da gaɓar Binuwai saboda tsargiya. Duk wanda ya ga alama a jikin ɗansa ya kai shi Asibitin Yanki na Garwa tun yana kan girma, kada a kai shi wajen mai ɗori a danna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya.