Yadda Maƙwabta Suka Yayyage Romaniya a 1940

Cikin ƙasa da wata uku a shekarar 1940, Romaniya ta rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙasarta, ba tare da an gwabza yaƙi ba. Maƙwabtanta ne suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yanki rabonsa.

Romaniya ta daɗe tana jingine da Faransa da Ingila. Ranar 22 ga Yuni Faransa ta miƙa wuya ga Jamus ta Hitler. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kwana huɗu bayan haka Tarayyar Sobiyat ta aiko da wa'adi, a ba ta Bessarabiya da arewacin Bukobina ko a ga sojojinta. Dama tun Agustan 1939 Jamus ta amince a asirce cewa Bessarabiya ta Stalin ce, shugaban Sobiyat. Sarkin Romaniya, Carol na Biyu, ya sallama.

Hungari ta taso da tsohon ƙorafinta kan Transilbaniya, yankin da ta rasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hitler ba ya son rikici kusa da rijiyoyin man Ploieşti, inda Jamus ke samun man da take yaƙi da shi, don haka ranar 30 ga Agusta ministocin harkokin wajen Jamus da Italiya suka zauna a Biyana suka yanke wa Hungari arewacin Transilbaniya, mai mutane sama da miliyan biyu. Wai sulhu suka kira abin! Ranar 7 ga Satumba Bulgeriya ma ta karɓi kudancin Dobruja.

Kafin nan jama'a sun fusata, Carol ya sauka, Janar Antonescu ya kama mulki. Shi kuma ya bi Jamus ɗin da ta taimaka aka yayyage ƙasarsa. A Yunin 1941 ya shiga mamayar Sobiyat, ya ƙwato Bessarabiya, ya zarce har Odesa, wadda ba ta taɓa zama ta Romaniya ba. A can sojojinsa suka yi wa dubban Yahudawa kisan gilla. Wanda aka zalunta jiya ya zama azzalumi mafi muni.

Yarjejeniyar Paris ta 1947 ta maido wa Romaniya arewacin Transilbaniya, amma kudancin Dobruja ya zauna hannun Bulgeriya. Mafi yawan Bessarabiya kuwa ita ce ƙasar Moldoba ta yau, wadda ta sami 'yancin kai a 1991.