Nisan Katsina da Maraɗi

Tsakanin filin jirgin sama na Katsina da na Maraɗi bai wuce kamar mil 50 ba, in an bi miƙaƙƙiyar hanya irin ta tsuntsu. Jirgi ba ya buƙatar ko rabin sa'a ya ci wannan tazara. Amma wanda ya san labarin ƙasar ya san nisan garuruwan nan biyu ba a mil kaɗai ake auna shi ba.

Asalin mutanen ɗaya ne. A cikin 1807 Ummarun Dallaji ya ci Katsina a zamanin jihadi, sarakunan Haɓe suka yi arewa. Daga baya Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Shekaru da yawa ana kai wa juna hari, dajin da ke tsakani ya zama abin tsoro ga fatake.

Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, sa'an nan aka aiko ma'auna suka kafa alamun iyaka. Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa. Tun daga nan mai zuwa gaishe da dangi ko mai kai kaya kasuwa sai ya tsaya a shingen Jibiya, a bincike shi tukuna.

Jiragen sama sun fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, guda uku, daga Masar. Sannu a hankali jirgi ya naɗe doguwar tafiya. Alhazan dā sukan shekara a hanyar Makka, waɗansu ma ba su komo ba. Yanzu daga Katsina zuwa Jidda, fiye da mil 2,000, tafiyar kamar sa'a biyar ce.

To, amma gajeruwar tafiyar nan jirgi bai iya mata ba. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sāke rufewa, har zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙasashen biyu aka tsayar. Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Ciniki ya mutu a Jibiya, direbobi da 'yan dako suka rasa abin yi, 'yan'uwa suka kasa zuwa biki da ta'aziyya.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Aiki ne mai kyau, amma jirgin ƙasa ma a iyaka zai tsaya. In hukumomin biyu suna shiri, Maraɗi maƙwabciya ce. In sun ɓata, talakan Jibiya ne ke fara jin nisanta.