Ruwa Bai San Iyakar Jiha Ba: Waiwaye Kan Agajin Gaggawa a Nijeriya

Idan muka waiwayi tarihin agajin gaggawa a ƙasar nan, za mu tarar bala'i ne ya riƙa koya wa hukuma karatu. Farin da ya auka wa yankin Sahel tsakanin 1972 da 1974 ya ƙone amfanin gona, ya karkashe dabbobi a jihohin Arewa, alhali babu wata hukuma guda da alhakin agaji ya rataya a wuyanta. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar agaji ta ƙasa a 1976. Sai dai aikinta bai wuce tara kaya da raba su ba, wato hatsi da barguna da kwanon rufi. A haka aka tafi har kogin Ogunpa ya ci Ibadan a 1980, madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano a 1988.

A 1999 ne aka maye gurbinta da NEMA, aka ɗora mata nauyin haɗa kan masu aikin ceto da na farfaɗo da wuraren da bala'i ya shafa. An kuma tanadi kowace jiha ta kafa tata hukumar. Tsari ne mai kyan gani a takarda.

Ambaliyar 2012 ce ta gwada shi. Damina ta yi ƙarfi, Kamaru kuma ta saki ruwan madatsar Lagdo. Ruwan ya biyo kogin Binuwai ta Adamawa da Taraba da Makurɗi, ya haɗu da na Kwara a Lokoja, ya datse hanyar Abuja, sannan ya gangara Anambara da Delta da Bayelsa. Alƙaluman NEMA sun nuna mutum 363 ne suka rasu, fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguni. Ruwa ɗaya ne daga Yola har bakin teku, amma kowace jiha ta tare shi ita kaɗai, wasu ma ba su da hukumar agajin kirki. Shugaba Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi rukuni huɗu gwargwadon ɓarna, aka kuma naɗa kwamitin neman gudummawa ƙarƙashin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. A ganinmu, nan gizo yake saƙa: kuɗin ya bi taswirar jihohi, bai bi kwarin kogi ba, don haka manomin da ya rasa iri a Numan da ɗan'uwansa na Ibaji kowa ya dogara da himmar gwamnansa.

Ita kuwa madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka tsara domin ta tare ruwan Lagdo, ba a kammala ta ba har ambaliyar 2022 ta biyo wannan hanya, ta hallaka mutum fiye da 600.