Fadar Murzuk: Gidan da Kishi Ya Buɗe wa Baƙi Ƙofa

'Yar uwa, ko kin taɓa jin sunan Murzuk? Gari ne can cikin Sahara, a yankin Fazzan na kudancin Libiya. A nan akwai wata tsohuwar fada ta ƙasa mai kaurin ganuwa, wadda daga cikinta aka yi ɗaruruwan shekaru ana mulkin Fazzan.

Zuriyar Aulad Muhammad ce ta mai da garin hedkwatarta. Ayarin fatake masu zuwa Tarabulus daga Kano, Katsina da Barno a nan suke ya da zango, su biya kuɗin fito. Suna ɗauke da fatu, turkuɗi, hauren giwa da gashin jimina. Abin tausayi, har da bayi, da yawansu mata ne da 'yan mata, waɗanda suka ratsa rairayi a ƙafa.

To, ga abin da ya shafe mu. Marubuta tarihin Tarabulus sun ruwaito cewa a wajen 1577, Sarki Muntasir yana da mata a Sabha, yana da wata a Murzuk. Ta Sabha, mai suna Khuda, ta ga kamar an fifita kishiyarta, sai ta aika wa Turkawa cewa su zo su karɓi ƙasar. Ai kuwa suka zo! Sarki ya rasu, ɗansa Nasir ya gudu har Katsina. Sai a wajen 1582, da mutanen Fazzan suka yi wa Turkawa bore, sannan ya koma gadon ubansa.

Daga baya fadar ta yi ta sauya hannu. Turkawa sun dawo a 1842, gwamnansu ya zauna a garin. Sojojin Italiya sun shigo a 1914, suka sake kama shi a 1930. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Ingila da Faransa sun kai wa fadar hari. Kafin nan ma fatauci ya ja baya, musamman da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ƙarshe mulkin Fazzan ya koma Sabha.

Kishi kumallon mata ne, ba mai musu, kuma namijin da ya kasa adalci shi ya kunna wutar. Amma uwargida, kafin ki kai ƙarar gidanki waje, tuna da Khuda. Ganuwar ƙasarsu ba ta tsare komai ba, tunda daga ciki aka yi kiran. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.