Ƙofar da aka kulle a hawa na tara

1/ Zaren yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Labarin wata gobara ce da ta tashi a kamfanin ɗinki a birnin New York na Amurka a 1911, ta cinye rai 146 cikin ƙasa da rabin awa. Duk mai ɗan'uwa da ke aikin kamfani ya daure ya karanta har ƙarshe. 🧵

2/ Sunan kamfanin Triangle, rigunan mata suke ɗinkawa. Suna hawa na 8, na 9 da na 10 na wani dogon bene. Ma'aikata kusan 500, yawancinsu 'yan mata 'yan ci-rani, Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai. Wasu ko Turancin kirki ba su fara ji ba.

3/ Masu kamfanin su biyu ne, Max Blanck da Isaac Harris. Babban tsoronsu sata, kada yarinya ta cusa ƙyalle a jaka. Shi ya sa idan an tashi kowa ta hanya ɗaya yake fita, mai gadi yana laluben jakunkuna. Ɗaya ƙofar kuwa a kulle take.

4/ Ranar Asabar, 25 ga Maris 1911, wajen ƙarfe 4:40 na yamma, ana daf da tashi. Wuta ta kama a kwandon ragowar ƙyallaye ƙarƙashin teburin yanka a hawa na 8. Ana zargin ashana ce ko guntun sigari. Kun san yadda yadi yake da wuta.

5/ An buga waya an sanar da hawa na 10. Mutanen can suka hau rufin benen suka tsira, har da masu kamfanin. Hawa na 9 kuwa saƙo bai isa gare su ba, sai hayaƙi suka gani.

6/ Matakala biyu ce a hawan. Ɗaya wuta ta tare ta cikin 'yan mintuna. Suka ruga ɗayar, ƙofa a kulle. Akwai tsanin ƙarfe na gudun gobara a bayan ginin, amma siriri ne. Da mutane suka cika shi sai ya lanƙwashe ya zubo da su ƙasa.

7/ Masu tuƙa lifta, Joseph Zito da Gaspar Mortillaro, sun yi ta hawa da sauka suna kwaso mutane har sai da liftocin suka daina tafiya. Da yawa daga waɗanda suka tsira a hawa na 9 albarkacinsu suka ci.

8/ 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri, amma tsaninsu iyakarsa hawa na 6. Ragar da suka shimfiɗa ta yage. Jama'a na tsaye a titi suna kallo, 'yan mata na faɗowa ta taga, wasu riƙe da hannun juna. Mata 123, maza 23. Mafi ƙanƙanta shekararsu 14.

9/ To ga abin da ya sa na yi zaren nan. Ni da farko na ɗauka babu doka ne a lokacin. Ashe akwai! Dokar ƙwadago ta jihar New York ta riga ta hana kulle ƙofar masana'anta a lokacin aiki. Tana nan a rubuce, ƙofar kuma tana kulle.

10/ A Disamba 1911 aka gurfanar da Blanck da Harris kan kisan kai ba da gangan ba. Alƙali ya ce wa masu taya shi yanke hukunci bai isa a nuna ƙofar a kulle take ba, sai an tabbatar su biyun SUN SAN a kulle take a lokacin.

11/ Lauyansu Max Steuer gogagge ne. Wata da ta tsira, Kate Alterman, ta ba da shaidar yadda ƙawarta ta mutu a bakin ƙofar. Ya sa ta maimaita, ya sake sa ta maimaita. Da kalamanta suka riƙa zuwa kusan iri ɗaya, sai ya nuna ai hadda aka ba ta.

Ƙasa da awa biyu aka yi ana shawara, aka sallame su.

12/ Wasu iyalai sun kai ƙarar neman diyya. Abin da aka daidaita a kai: dala 75 kan kowane rai. Su kuwa masu kamfanin, inshora ta biya su kusan dala 60,000 sama da asarar da suka yi, wato kamar dala 400 kan kowace gawa. Ku lissafa da kanku, ni abin ya fi ƙarfina.

13/ Wani abin kuma: kwana ɗaya tak kafin gobarar, 24 ga Maris, babbar kotun jihar ta soke dokar da ta tilasta biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wasu ayyuka masu haɗari. Hujjarta, wai ƙwace dukiyar mai kamfani ne ba bisa ƙa'ida ba.

14/ Cikin masu kallo a titi ranar akwai wata mata, Frances Perkins. Ta shiga aikin kwamitin binciken masana'antu da jihar ta kafa ƙarƙashin Robert Wagner da Al Smith. Ba a ofis suka zauna ba, sun riƙa shiga kamfanoni suna gani da idonsu.

15/ Cikin 'yan shekaru aka yi sabbin dokoki fiye da 30: ƙofofi su riƙa buɗewa ta waje, bututun da ke fesa ruwa da kansa a dogayen benaye, ƙararrawa, atisayen fita, hana shan taba, kwashe tarkace. Aka kuma ƙarfafa sashen masu dubawa. Perkins ta zama ministar ƙwadago a 1933, mace ta farko a majalisar ministocin Amurka.

16/ A ganina babban sauyin shi ne inda nauyi ya koma. Da can idan inji ya cinye maka yatsu, kai za ka je kotu ka tabbatar da sakacin maigida, da kuɗin da ba ka da su. Tsarin diyya ya ce rauni a bakin aiki ne? To a biya, ba sai an yi musun wa ya san me ba.

17/ Mu a Najeriya asalin tamu dokar daga Ingila yake, amma zancen ɗaya ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai kamfani yin rajista, killace inji mai haɗari, samar da ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa da hanyar fita idan wuta ta tashi. Ta kuma hana kulle ƙofa yadda na ciki ba zai iya buɗewa ba.

18/ Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Daga aljihunsa fa, ba daga albashinka ba. Tambayi yayanka da ke aiki a Sharaɗa, Challawa ko Bompai ko ya taɓa jin wannan.

19/ Kuma da dokar 1987 ɗin a ƙasa, a Satumba 2002 wuta ta tashi da dare a wani kamfanin roba a Ikorodu, jihar Legas, ma'aikata da yawa suka mutu. Rahotannin lokacin sun ce an kulle su ne a ciki.

20/ Na manta ban faɗa muku ƙarshen Max Blanck ba. Ya ci gaba da sana'arsa. A 1913, shekara biyu bayan gobarar, aka sake kama shi ya kulle ƙofar kamfaninsa ma'aikata na ciki. Kotu ta ci shi tarar dala 20.