Zaɓen Baƙin Mai ga Tsohon Babur: Ginin Injin Ne Alƙali

Littafin jagorar da ya zo da Triumph Bonneville a 1959, ko Honda CB750 a 1969, ya faɗi irin baƙin man da za a zuba wa injin. Sai dai man da littafin yake nufi ba shi ne a kasuwa yau ba, ko da lambar da ke jikin galan ba ta sauya ba. Tun daga shekarun 1990 ake ta sauya haɗin man mota domin a rage shan fetur, a kuma kare na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa. Tsohon babur ba shi da wannan na'ura. Iska ce ke sanyaya shi, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa ta fi ta injin yau, sau da yawa kuma mai ɗaya ne ke yi wa injin da giya da kuloci hidima. Saboda haka mai Honda CD175 ko Roadmaster a Kano da mai Norton Commando a Ingila tambaya ɗaya ce a gabansu, kuma tsadar mai ko sabuntarsa ba ta amsa ta. Yadda aka gina injin ne ke amsawa.

A fara da kauri, tunda shi kowa ke dubawa. A ma'aunin SAE, idan an rubuta 20W-50, lambar farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100. Ana samun wannan tazara ne da wasu sinadarai masu dogon jiki da ke hana man tsinkewa idan ya ɗau zafi, su kuwa haƙoran giya yanka su suke yi. Shi ya sa man da ya shiga babur da kaurinsa yake sirancewa da wuri fiye da yadda zai yi a mota. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, injin da ke jiran iska ya maƙale a cunkoso, 20W-50 shi ne zaɓin hankali ga yawancin tsofaffin injuna. Amma ban yarda da ɗabi'ar wasu kanikawa ba ta ƙara wa mai kauri don a ɓoye hayaƙi ko ƙara. A wasu ƙananan injunan Honda, kamshaf a kan alminiyam ɗin kan injin yake juyawa kai tsaye, man kuma ta ƙananan hanyoyi yake hawa. Mai ya yi kauri fiye da kima, ya makara wajen isa sama da sanyin safiyar hunturu, to a daidai wannan lokacin ƙarfe ke cin ƙarfe. In hayaƙi ne matsalar, ringin da ya cinye canji yake so.

Kuloci ya fi kauri saurin tona asirin man da bai dace ba. A yawancin baburan Japan faifan kuloci cikin mai yake wanka, aikinsa kuma kamu ne. Man motar zamani, musamman marasa kauri irin 0W-20 da 5W-30, ana sa musu sinadaran ƙara santsi, cikinsu har da na molibdenam. Abin da ya zama alheri ga mota sai ya sa kulocin babur ya riƙa zamewa: a ba da wuta injin ya yi kuka, gudu bai ƙaru ba. Wannan ne ya sa hukumar ƙa'idojin ababen hawa ta Japan, JASO, ta fitar da ma'auni na musamman a 1998, ta raba man babur gida biyu, MA ga mai jiƙaƙƙen kuloci, MB ga wanda ba ya buƙatar kamu. A 2006 aka ƙara MA1 da MA2. Ba kowane tsohon babur wannan ya shafa ba. BMW mai silinda biyu a kwance da manyan Moto Guzzi busasshen kuloci gare su irin na mota, giyarsu ma da nata man daban. Tsofaffin baburan Ingila da yawa wurin mai uku gare su: tankin man injin, akwatin giya, da akwatin sarƙar farko inda kuloci yake. A irin waɗannan, abin lura shi ne man giya mai alamar GL-5, wanda wasu nau'o'insa ke cin bushin na tagulla.

Muhawarar da ta fi zafi tsakanin masu tsofaffin injuna ita ce ta sinadarin ZDDP, haɗin tutiya da fosfaras da aka fara sa wa mai tun shekarun 1940. Idan matsi da zafi suka kai inda man kansa ba zai iya raba ƙarfe biyu ba, kamar tsakanin kamshaf da abin da yake turawa, sinadarin kan yi wata siririyar fata a jikin ƙarfen, ita ke cinyewa a madadinsa. Fosfaras kuwa yana kashe na'urar tace hayaƙi, don haka aka yi ta rage shi: kashi 0.12 cikin ɗari, sai 0.10, har zuwa 0.08 a 2004 lokacin da matakin API SM ya fito. Fargabar tana da tushe, amma an zuzuta ta. Iyakar ta fi hawa kan man mota marasa kauri, ba ta ɗaure 20W-50 ba. Ƙa'idar JASO ta 2006 ma 0.08 ta sa a matsayin mafi ƙarancin abin da man babur zai ƙunsa, wato inda na mota ya tuƙe nan na babur ya fara. Wanda ya sayi man babur na gaskiya ya riga ya samu kariyar. Sayen kwalbar ƙari a tuttula a kai, a ganina, caca ce, domin an auna sinadaran mai ne su yi aiki tare, kuma yawan ZDDP da ya wuce kima shi ma yana yi wa ƙarfe illa.

Abin da ba a cika tattaunawa ba, alhali ya fi waɗancan kashe injin, shi ne tacewa. Man zamani yana ɗauke da sinadaran wanki da ke riƙe datti ya yi ta yawo har filta ta kama shi. Tsofaffin injuna da yawa ba su da filtar takarda. Triumph da BSA rami suka yi a cikin kiranshaf, ƙarfin juyawa ya riƙa jefa dauɗa ciki tana taruwa. Ƙananan Honda raga gare su da wani ɗan kofi mai juyawa da ke yin irin wannan aiki. An tsara su ne a zamanin da datti ke kwanciya a ƙasa, kamar yadda laka ke kwanciya a gindin randa. Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa a tsaya kan mai mai lamba ɗaya, SAE 40 ko 50, mai ƙarancin sinadarin wanki, musamman ga injunan da ke juyawa a kan boris. Wasu na cewa man zamani ya fi, muddin za a riƙa juye da wuri. Ina tare da na biyun idan an buɗe injin an wanke shi, an kwashe ramin kiranshaf. Injin da ya shekara talatin ba a buɗe ba kuwa, ramin nan na iya cika, in ya toshe mai ya daina kaiwa ga hannun fistin, injin ya buga. Babu man da zai hana wannan, komai tsadarsa.

Honda ta san matsalar tun tuni. Injiniyoyinta sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga mutane ba sa juye sai mai ya zama kwalta, shi ya sa suka ƙera CG125 a 1975 da injin da zai jure sakaci. Sauran baburan ba su da wannan juriya. Injin da man cikinsa bai wuce lita ɗaya ko biyu ba, yana shaƙar ƙurar hunturu, bai kamata ya haura kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba a yi masa juye ba. Man da aka haɗa a ɗakin gwaji ya fi jure zafi, kuma zargin da ake masa na huda gasket ya wuce gona da iri, yakan dai bayyana yoyon da dauɗa ta toshe. Amma dogon zangon da ake sayensa dominsa ba ya amfanar injin da ba shi da filta.

Masu injin tu-sitirok, irin Vespa da Yamaha YB100 da Suzuki A100, lissafinsu daban ne, don man tare da fetur yake ƙonewa. Yamaha ta kawo famfon Autolube a 1964 ya riƙa auna man da kansa. Vespa marasa famfo da hannu ake haɗa musu, kashi 2 cikin ɗari ga na baya-bayan nan, wato mililita 20 a kowace lita, tsofaffin ciki kuwa kashi 5. Man da ya dace shi ne mai alamar API TC ko JASO FB, FC ko FD. Mai alamar TC-W3 na injin kwalekwale ne da ruwa ke sanyayawa. Zuba baƙin man mota a tankin fetur, balle wanda aka juye daga wani injin, toka yake bari a fulogi, ya liƙe ringi, ya toshe salansa. Akwatin giyar Vespa kuma SAE 30 yake so.

Duk wannan lissafi ya tsaya ne a kan zaton abin da ke cikin galan shi ne aka rubuta a jikinsa. A kasuwanninmu ana sayar da mai a gorar ruwa a bakin titi, wani ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, wani kuma tsohon juye ne aka tace. Ga babur ɗin da kayan gyaransa suka yi wuya, kamshaf ɗaya da ya cinye ya fi kuɗin man shekaru. Mai tsohon babur ya sayi man da ke rufe da hatiminsa a wurin dillalin da ya sani, ya duba alamar MA ko MA2 in kulocinsa jiƙaƙƙe ne, ya tsaya a gaban bakanike har a buɗe galan a zuba, kuma ya sa a wanke raga a kowane juye.